Makaɗin da Ya Rikita Masu Sujada: Shari'ar Bach da Majalisar Ikilisiya a Arnstadt

Ranar 21 ga Fabrairu, 1706, majalisar ikilisiya ta garin Arnstadt, a yankin Turingiya na ƙasar Jamus, ta kira makaɗin ɗaya daga cikin majami'unta ya zo ya amsa tambayoyi. Saurayi ne, saura wata guda ya cika shekara 21. Magatakarda ya rubuta abin da aka tambaye shi da abin da ya amsa, takardun kuwa suna nan har yau. Sunan saurayin Johann Sebastian Bach, mutumin da daga baya duniya ta sa shi a sahun farko na masu tsara kiɗan coci. A ranar dai ba yabo aka kira shi a yi masa ba. Ƙorafi ne ya taru a kansa, mafi nauyi kuma shi ne cewa kiɗansa yana rikita jama'a har su kasa rera waƙar da suka sani.

Masu ba da tarihin Bach sukan kawo labarin nan don su nuna yadda wasu dattawa suka kasa gane baiwar da ke gabansu. Ni ban gamsu da wannan karatun ba. In aka bi takardun a natse, za a ga mutanen da suka san abin da suke karewa, ko da yake su ma da nasu sakacin. Rigimar da suka yi kuwa ita ce dai ake yi yau a duk cocin da ke da gwanin makaɗi da jama'ar da ke son buɗe baki su yabi Ubangiji.

Yadda ya sami aikin

Majami'ar da ake magana a kanta ana ce mata Sabuwar Majami'a, domin tsohuwar ta ƙone a gobarar 1581, aka yi kusan shekara 100 kafin a sake gina ta. Jama'a suka yi ƙoƙari suka sa wani gwanin maƙeri, Johann Friedrich Wender, ya haɗa musu sabon ogan. Ogan na wancan zamani babban abin kiɗa ne da ake kafawa a benen majami'a: ɗaruruwan bututu manya da ƙanana, jeri biyu na maɓallai don hannuwa, wani jerin a ƙasa don ƙafafu, ga mutum guda a baya yana ta danna zugazugi don iska ta shiga. A 1703 aka gayyaci Bach ya gwada shi, yana ɗan shekara 18. Abin da suka ji ya burge su, cikin watan Agusta suka ba shi aikin, da albashin da ya kai kimanin gulden 84 (kuɗin da ake amfani da shi a lokacin) a shekara in an haɗa da kuɗin ci da na masauki. Kuɗi ne mai kauri ga yaron da bai taɓa riƙe irin wannan muƙami ba.

Aikin ba shi da yawa: sujadar safiyar Lahadi, addu'ar ranar Litinin, da sujadar safiyar Alhamis. Takardar ɗaukarsa ta ce ya kaɗa ogan, ya kula da shi, ya kiyaye halinsa. Ba ta ambaci horar da mawaƙa ba. A nan ne aka binne tushen rigimar, domin Sabuwar Majami'a ba ta da shugaban mawaƙa na kanta. Ɗaliban makarantar gari ne ke waƙa, gwanayensu na zuwa babbar majami'a, ragowar a turo nan ƙarƙashin wani ɗalibi. Majalisa ta ɗauka cewa makaɗin da ake biya da kyau haka zai ja ragamarsu ba sai an faɗa ba. Shi kuma ya ɗauka abin da ba a rubuta ba ba nasa ba ne. Wasu daga cikin ɗaliban ma sun girme shi.

Sanda da takobi a dandalin kasuwa

Daren 4 ga Agusta, 1705, Bach na dawowa gida tare da wata 'yar'uwarsa, Barbara Catharina, sai wani ɗalibi mai suna Geyersbach ya tare shi a dandalin kasuwa riƙe da sanda, abokansa na biye. Geyersbach na busa wani dogon abin busa mai kaurin murya, ya kuma girmi Bach da shekara uku. Ya ce Bach ya zage shi. Da gaske ne, Bach ya jefe shi da wata kalmar raini da wasu ke fassarawa da mai busa kamar kukan akuya. Magana ta yi zafi, Geyersbach ya kai duka, Bach ya zare takobin da ke ɗamararsa, sauran ɗalibai suka shiga tsakani.

Bach ne ya kai ƙara. Majalisa ta saurari kowa, ta ce da shi da ma bai kira mutumin da wannan suna ba, ta ƙara da cewa an riga an san ba ya jituwa da ɗaliban. Ya ce zai yi aiki da su in aka kawo shugaban mawaƙa. Amsar da aka ba shi tana cikin takardun: mutum dole ya zauna da abin da bai cika ba, ya yi haƙuri da ɗaliban, kada wani ya hana wani sakat.

Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa koyar da ƙungiyar mawaƙa a coci ya san ta a jikinsa. Ba a zaɓar 'yan ikilisiya yadda ake zaɓar 'yan wasa. Wanda muryarsa ke kaucewa, wanda ke zuwa gwaji a makare, wanda ba ya riƙe kari sai an maimaita masa sau goma, duk an yi musu baftisma ɗaya da gwanin. Amma majalisar ta faɗi gaskiyar ne ta tashi, ba ta gyara komai ba. Ba ta naɗa shugaban mawaƙa ba, ba ta kuma sake rubuta takardar aikin ba. Ta bar saurayi ɗan shekara 20 da ɗaliban da suka riga suka ɗaga masa sanda.

Hutun mako huɗu da ya zama wata huɗu

Bayan 'yan watanni Bach ya nemi izinin mako huɗu, aka ba shi. Ya bar ɗan'uwansa Johann Ernst Bach a kan ogan, ya kama hanya da ƙafa zuwa Lubeck a arewacin Jamus, tafiyar kimanin kilomita 400. Can ne Dieterich Buxtehude yake, dattijon makaɗi na Majami'ar Maryamu, wanda ya yi suna da taron kiɗan yamma da yake shiryawa a makonnin da ke gaban Kirsimeti. A farkon Disamba na shekarar an yi manyan taruka biyu, ɗaya na makokin Sarki Leopold na Ɗaya, babban sarkin daular da ƙasashen Jamus ke ƙarƙashinta, ɗaya na murnar hawan magajinsa. Bach ya zauna. Kirsimeti ya wuce, sabuwar shekara ta wuce, bai dawo ba sai wajen farkon Fabrairu.

Da aka tambaye shi a zaman 21 ga Fabrairu ina ya daɗe haka, ya ce ya je Lubeck ne don ya fahimci wasu abubuwa na sana'arsa. Babban faston gari, Johann Gottfried Olearius, ya tuna masa cewa mako huɗu ya roƙa, ya yi wajen ninki huɗu. Bach ya ce yana fata wanda ya bari ya riƙe aikin yadda ba za a yi ƙorafi ba. Ba a rubuta cewa ya nemi gafara ba.

Wannan ba ya bukatar dogon nazari. Neman ilimi abu ne mai kyau, abin da ya koyo kuma ikilisiya ce ta ci moriyarsa shekaru da yawa. Amma ya karya alkawari, ya bar jama'arsa a lokacin da suka fi bukatarsa a shekara. Abin lura shi ne majalisar ba ta kore shi ba, ba ta ma tsaya a kan batun ba. Ta wuce zuwa abin da ya fi damunta.

Baƙin muryoyi a cikin waƙa

Ga abin da aka rubuta: an tsawata masa saboda yana cusa sauye-sauye masu ban mamaki a cikin waƙar jama'a, yana gauraya baƙin muryoyi da yawa, har ikilisiya ta rikice. Aka ce nan gaba in zai shiga wata baƙuwar murya, ya tsaya a kanta, kada ya yi saurin tsallakawa zuwa wata.

Sai mutum ya sa kansa a kan bencin majami'ar kafin ya ji nauyin wannan ƙorafi. Mace ce, a ce, ko dattijo mai sana'ar hannu, ya haddace waƙar tun yana yaro. Ana rera ta a hankali, layi bayan layi, kowa na jan numfashi a wuri ɗaya. Ogan ya ɗauko kari, jama'a suka bi. Layin farko ya ƙare, dattijon ya buɗe baki zai kama na biyu, sai ogan ya sulale da gudu sama da ƙasa, ya yi ta ado, ya sauka a wata murya da kunne bai zata ba. Wasu suka shiga da wuri, wasu suka jira, wasu suka yi shiru suna kallon bene. Kafin baiti na uku rabin majami'a ta koma 'yan kallo. Akwai wasu tsare-tsaren waƙoƙi na Bach da masana suka saba dangantawa da zamansa na Arnstadt, kuma haka suke: gudu tsakanin layi da layi, muryoyin ƙasa na sauyawa kusan a kowace gaɓa. A saurare su zaune, abin sha'awa ne. A ce mutum ya rera a kansu, wannan wani aiki ne.

Dattawan Arnstadt 'yan Lutheran ne, wato mabiya koyarwar Martin Luther, waƙar jama'a kuwa a wurinsu gado ce mai tsada. Martin Luther ne ya dage cewa talaka ya rera da harshensa, littattafan waƙoƙi na farko na Jamusanci don ikilisiya suka fito a 1524. Luther na son kiɗa ƙwarai, ya ajiye shi a matsayi na biyu bayan ilimin tauhidi. A birnin Zurich na ƙasar Switzerland kuwa, a zamanin Zwingli, wani jagoran gyaran ikilisiya, an rufe bakin ogan, daga baya aka ciccire su daga majami'u. Lutheran sun bar ogan a coci ne bisa fahimtar cewa zai yi wa Maganar Allah hidima. Waƙa ita ce inda mai sujada ke furta bangaskiyarsa da bakinsa. A sauran sujada yawanci sauraro yake yi. In makaɗi ya ƙwace wannan, ya ƙwace rabon da jama'a ke da shi.

Manzo Bulus ya taɓo abin a 1 Korintiyawa 14. Batun harsuna yake yi, amma misalin da ya ɗauko na kiɗa ne: sarewa ko garaya in ba su fitar da muryoyi a rarrabe ba, yaya za a gane abin da ake kaɗawa? Ƙaho in busarsa ba ta fito sosai ba, wa zai yi shirin yaƙi? Ya kuma tambaya yadda wanda bai gane ba zai ce Amin ga godiyarka. Bulus bai ce godiyar ba ta da kyau ba. Cewa ya yi ɗan'uwanka bai ƙaru ba. A ganina hukuncin majalisar Arnstadt ke nan, kuma daidai ne. Ba su ce Bach bai iya ba, ba su hana shi ado ba. Sun ma yi masa magana da harshen sana'arsa: ka riƙe muryar har jama'a su same ka.

Kayan kiɗa sun sauya, matsalar ba ta sauya ba. Yau fiyano mai lantarki ne da ganguna da lasifika. Mai ba da waƙa ya ɗauke ta a muryar da ta yi wa maƙogwaronsa daɗi, tsofaffi su kasa kaiwa. Ko a ƙure ƙarar na'ura har mutum bai jin muryar na kusa da shi, bai ma jin tasa, sai ya haƙura ya tsaya yana tafi. Ko a kawo sabuwar waƙa kowane mako, babu wadda ta zauna a bakin mutane balle ta bi su gida ta yi musu amfani ranar ciwo ko ranar makoki. Ma'aunin da zan ba kowane makaɗi mai sauƙi ne: ka sassauta hannu a baiti ɗaya ka saurara. In ka ji muryar jama'a ta cika ɗakin, aikinka na tafiya. In ka ji shiru, kai kaɗai ka daɗe kana yi.

Tsawo da gajarta

A zaman 21 ga Fabrairun nan aka kira ɗalibin da ke jagorantar mawaƙa, Rambach. Ya ba da shaida cewa da Bach na tsawaita kiɗa, da babban fasto ya yi masa magana sai ya koma ɗaya gefen, yana yankewa ƙwarai. Shi ma Rambach bai fita lafiya ba, an tsawata masa don ya fita zuwa wurin shan giya ana tsakiyar wa'azi.

Waɗannan biyun sun fi ba ni tausayi fiye da batun takobi. Gajarta kiɗan fushi ne da aka sa masa rigar biyayya: kun ce na yi tsawo, to ga shi. Jama'ar da ba su san an yi wata magana ba su suka sha hukuncin. Fitar Rambach kuwa ciwo ne da ya daɗe a benen mawaƙa, wato mawaƙi ya ɗauka sujadarsa ta ƙare da zarar ya sauke murya. Wanda ya ja mutane zuwa gaban Allah da waƙa, sa'an nan ya fice lokacin da za a buɗe Littafi Mai Tsarki, ya gaya wa kowa yadda ya ɗauki kansa. Annabi Amos ya isar da saƙon Ubangiji ga masu irin wannan ibada cewa su kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, ba zai saurari garayunsu ba.

Inda majalisa ta gaza

A wannan zaman dai 'yan majalisa suka dawo kan batun ɗalibai. Aka ce abin mamaki ne har yanzu ba a yin kiɗan haɗaka da mawaƙa a majami'ar saboda ya ƙi jituwa da su. Ya sake cewa a ba shi shugaba nagari, zai kaɗa. Aka ce ba za a iya ɗaukar masa wani ba, ya ba da amsa cikin kwana takwas, in ba zai yi ba ya faɗa a fili a nemi wanda zai yi. Kwana takwas suka zama wata tara. Ranar 11 ga Nuwamba aka sake kiransa, aka ce in bai ji kunyar zama ma'aikacin coci da karɓar albashinta ba, kada ya ji kunyar yin kiɗa da ɗalibai. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski. A zaman ne kuma aka tambaye shi da izinin wa ya hau da wata baƙuwar budurwa benen mawaƙa ta yi waƙa, domin a lokacin mata ba sa waƙa a wurin. Ya ce ya sanar da faston majami'ar.

A nan ina ganin Bach na da hujja. Abin da ya roƙa tsari ne, Littafi Mai Tsarki kuma ya san da tsari a wannan hidima. A 1 Tarihi 25 Dawuda ya keɓe 'ya'yan Asaf da Heman da Yedutun, horarrun mawaƙa 288, aka jefa kuri'a a kan aikinsu, babba da ƙarami, malami da almajiri. A sura 15 an sa Kenaniya ya shugabanci waƙa domin gwani ne. Zabura 33 ta ce a kaɗa da gwaninta. Nehemiya kuma da ya dawo Urushalima ya tarar Lawiyawa da mawaƙa sun gudu gonakinsu don an hana su rabonsu, shugabanni ya tuhuma, ya ce don me aka yi watsi da Haikalin Allah. Majalisar Arnstadt ta kashe kuɗi a kan ogan, ta biya makaɗi da kyau, amma ta so ta sami aikin mutum biyu a wurin mutum ɗaya ba tare da ta faɗa tun farko ba. Ikilisiyoyi da yawa na yin haka har gobe: a sayi kayan kiɗa masu tsada, a bar masu kaɗa su ba malami, ba mai kula da rayuwarsu ta ruhaniya, ba a tuna da su sai ranar da suka yi laifi.

Sai dai hujjar ba ta wanke shi duka ba. Ƙin da ya yi akwai raini a ciki, kalmar da ya jefa wa Geyersbach ta tona shi. Ya ga ɗaliban a matsayin masu ɓata masa kiɗa. Bai gan su a matsayin waɗanda aka ba shi ya ɗaga ba.

Abin da ya biyo baya

Ba a warware rigimar ba. A 1707 Bach ya sami aiki a Majami'ar Blasius ta garin Muhlhausen, ya mayar da makullan ogan a ƙarshen Yuni, Johann Ernst ya gaje shi. Shekara guda bayan nan, da zai bar Muhlhausen, ya rubuta cewa burinsa shi ne kiɗan coci mai kyakkyawan tsari domin ɗaukakar Allah.

A 1723 ya zama shugaban mawaƙa a makarantar Toma ta birnin Leipzig. Takardar da ya sa wa hannu ta ce kiɗansa kada ya yi tsawo, kada ya yi kama da na gidan wasan kwaikwayo, ya zama mai jawo masu sauraro ga ibada. Kusan maganar dattawan Arnstadt ce aka sake miƙa masa, wannan karon a rubuce tun ranar farko. Aikin da ya ƙi yana saurayi shi ya zama abincinsa na kullum: koyar da yaran makaranta waƙa. Bai daina ƙorafi ba. A Agustan 1730 ya rubuta wa hukumar gari cewa cikin ɗalibansa 17 ne za su iya, 20 ba su kai ba tukuna, 17 kuma ba su da amfani a kiɗa. Amma bai ajiye su ba. Da irin waɗannan yara ya yi shekara 27 yana cika majami'un Leipzig da waƙa, manyan ayyukansa na coci kuma sau da yawa yakan rufe su da baitin waƙar jama'a a tsari mai sauƙi, karin na sama a fili yadda kowa zai gane shi.

Yana da Littafi Mai Tsarki mai sharhi wanda ya sa wa hannu da shekarar 1733, yana rubutu a gefen shafi. Kusa da 1 Tarihi 25 ya rubuta cewa wannan sura ita ce ainihin tushen duk kiɗan coci da ke faranta wa Allah rai. Kusa da 2 Tarihi 5:13, inda masu busa ƙaho da mawaƙa suka haɗa murya ta zama ɗaya har girgije ya cika Haikali, ya rubuta cewa a wurin kiɗa na ibada, kullum Allah yana nan da alherinsa.

Ya rasu a Leipzig a 1750. A 1935 aka sauya wa Sabuwar Majami'a ta Arnstadt suna, aka sa mata nasa.